Ramar Lamduan Ta Ci Jarrabawa

Shekarar da damina ta ƙi ɗaukewa a lardin Buriram, wiwin ƙungiyar matan ƙauyen su Lamduan ya yi fumfuna. Ita ce shugabar ƙungiyar, kuma tana buɗe rumfar shanya warin jiƙaƙƙiyar tabarma ya tarbe ta. Furen wiwin nan kuwa shi suke kai wa wani asibitin gargajiya, a tatsi mansa a ɗiga wa tsofaffi masu ciwon gwiwa da masu sankara a ƙarƙashin harshe.

Asibitin ba ya karɓar kaya sai da takardar gwaji. Ta aika samfur ɗakin gwajin jami'a, aka sha jira, amsa ta zo: ƙarfinsa kashi goma sha ɗaya kacal cikin ɗari, ga fumfuna, bai dace da marar lafiya ba.

Ƙaninta Thongsuk ya karanta ya yi tsaki. Shi dai ɗan acaɓa ne, amma tun da gwamnati ta halatta noman wiwi ya jingine babur, ya sayi riga mai kwala, ya naɗa kansa manajan ƙungiya ba tare da kowa ya roƙe shi ba.

"Yaya, ke ma da neman wahala," in ji shi. "Wa ya aike ki wurin 'yan jami'a? Waɗannan ko ruwan sama kika kai musu sai sun gano masa cuta. Akwai wani wuri bayan tashar mota, yau ka kai, gobe ka karɓa."

"Gobe? Gwaji ne ko wankin hoto?"

"Ke dai zuba ido."

Washegari ya dawo yana fifita da takarda mai tambarin zinariya. Furen nan dai, daga buhun nan dai, ya koma kashi ashirin da bakwai, tsaf, babu fumfuna, babu maganin ƙwari. Mata suka yi ta shafa tambarin da yatsa. Lamduan ta dubi takardar, ta dubi buhun da ke wari a gefenta, ta taɓe baki. Ashe akwai wurin da ake warkar da ciyawa da tawada.

Ba ta yi gardama ba. Ta zaga bayan gida ta tsinko ganyen rama, wanda mai kallon nesa zai rantse wiwi ne, ta shanya, ta murmushe, ta ƙulle a leda. Ta ce wa Thongsuk sabon iri ne, ya kai wa mutanensa.

Ya dawo har yana tuntuɓe a matakala. "Yaya! Kashi ashirin da tara! Ina kika ɓoye mana wannan?"

"A tukunya. Shi ka sha a miya jiya har ka nemi ƙari."

Ta ɗaura zane ta hau motar gari da kanta. Mai ɗakin gwajin, Khun Wichan, ya tarbe ta da farar riga irin ta likitoci, da layar zinariya mai nauyi a wuya. Ta bayan gilashi ta hango na'urar gwajin da ake taƙama da ita, lulluɓe da mayafi, an rataya mata furanni, an ajiye mata kwalbar jan lemo da tsinken sha kamar gunkin da aka kawo wa baiko. Wayar wutarta na naɗe a ƙasa, gizo-gizo ya yi mata gida.

Ta ajiye masa takardar gwajin ramar, ta ɗora ɗanyen ganyen rama a kai.

"Ga gwarzon naku na kawo ya gaishe ku."

Ya juya ganyen, ya sansana. Ko gezau. Wani zai nemi ƙasa ta tsage ya shige, shi kuwa murmushi ya yi, ya tura mata kujera.

"Goggo, zauna mana. Ƙila yarinyar da ke buga takardu ce ta haɗa lambobi."

"Na'urar taku fa? Azumi take yi?"

"Ta ɗan samu matsala tun bikin watsa ruwa na sabuwar shekara. Kayan gyara na hanya." Ya rage murya kamar mai ba ta shawarar arziki. "Goggo, ke ma 'yar kasuwa ce. Wa zai koma shagon da aka ce masa kayansa ba su da kyau? Manomi lamba yake so, mai shago lamba yake so. Mu kuma ba ma son ɓata wa abokin ciniki rai."

"Masu ɗiga man a baki fa?"

"Su ai ba su taɓa zuwa nan ba."

Ta miƙe tsaye. Sannan ta kwashi takardarta, ta bar masa ramar, ta ce ya jiƙa ya sha in ciwon baya ya tashi, tunda da hannunsa ya shaida ƙarfinta.

Da yamma matan suka taru a ƙarƙashin gidanta da ke kan dogayen turakun katako, ga shinkafa mai danƙo ga kwaɗon gwanda, ta ba su labari. Aka yi dariya har da riƙe ciki. Amma da ta ce a binne amfanin bana, dariyar ta ƙafe. Thongsuk ya miƙe ya ce takarda takarda ce, ba su suka buga ta ba. Kusan rabin matan suka bi shi, ya loda kasonsu a mota ya nufi wani shago a birnin Pattaya, inda aka manna takardar mai tambarin zinariya a bango cikin gilashi.

Lamduan da sauran suka haƙa rami a gefen gonar rogo suka zuba nasu. Ta kai ƙara ofishin lafiya, aka zo aka garƙame ɗakin gwajin. Kafin shinkafa ta nuna Khun Wichan ya buɗe wani a lardin maƙwabta da sunan matarsa.

Thongsuk ya yi ta gaba da ita har lokacin girbi, ranar da ya rasa mai taya shi yankan shinkafa. Ya zo ya tsaya a bakin matakala yana sosa ƙeya. Ta miƙa masa lauje, ta ce manaja ya cire rigar kada ta yi datti.