Ƙafar Madina ta Hagu

Ni na fara ganin ƙafar, tun kafin mai ita ta lura. Muna sauke tukunyar shinkafa a rumfarmu ta bakin tashar Makarfi, Madina ta tattare zane don kada wuta ta lashe shi, sai na ga ƙwaurinta na hagu ya fi na dama. Ba kaɗan ba. Ga shi yana sheƙi kamar an shafa masa man gyaɗa.

Madina 'yar ɗakina ce. A Paki, gidan ubanta, Abdulsalami suke ce mata, kuma har gobe haka za su ce. Shekara huɗu ke nan da ta zo wurina da 'yar jaka, na ba ta tabarma da muciya. Mutanen tasha 'yan daudu suke kiranmu, su ci tuwonmu har su suɗe kwano, sannan su yi tsaki. Ni Adawiyya tuni kunnena ya daina jin wannan. Ita ma ba tsakin ne ya dame ta ba, jikinta ne. So take ta dubi madubi ta ga wadda ta sani.

Shi ya sa ta shiga shan ƙwayar tazarar haihuwa daga wani kemis da ba ya tambayar kowa komai, tana ɗirka fiye da yadda kowace mace ke sha. Ta haɗa da jiƙon Goggo Halimatusa'adiya ta Hunkuyi, tsohuwar da duk ire-irenmu, daga Ikara har Kudan, muka san ƙofar gidanta. Kuma ba zan yi ƙarya ba, abin ya karɓe ta. Fata ta yi laushi, ƙirji ya taso, ni da bakina na yi mata guɗa.

Ranar da azahar Sista Judith ta zo cin abinci. Ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Zonkwa, kuma ita kaɗai ce a garin nan take kiran Madina da Madina ba tare da taɓe baki ba. Na nuna mata ƙafar. Ta ajiye cokali, ta durƙusa, ta taɓa da bayan hannu. Ban so yadda fuskarta ta canza ba.

"Har yanzu kina shan ƙwayar nan?"

Madina ta sunkuyar da kai.

"Jini ne ya daskare a jijiya," in ji Judith. "Ƙwayar tana yin haka. In ya ɓalle ya tafi huhu, shi ke nan. Ku tafi asibitin Zariya yau, ba gobe ba. Kuma don girman Allah kada wanda ya matsa ƙafar nan."

"Sista, in na je, wane ɗaki za su kwantar da ni? Na maza? Su ce in tuɓe riga, ɗalibai goma su zagaye ni da waya?"

Judith ta san ba ƙarya ba ce. Sai ta ce gobe ba ta da aiki, za ta zo da mota da safe ta kai ta da kanta, ita za ta yi magana da likita. Madina ta ce to, irin to ɗin da na san bai kai ciki ba.

Ai kuwa Judith na ba da baya Madina ta ce sai mun je Hunkuyi. Na yi faɗa, na zage ta, sannan na ɗauki mayafina na bi ta. Haka nake, faɗana ba ya hana komai.

Gidan Goggo shi ne na ƙarshe, daga shi sai gonakin rake. La'asar ce, da sauran rana tarwai, amma ko kaza babu a tsakar gidan, ba abin da kake ji sai ganyen rake yana gogar juna. Na sha zuwa gidan, amma ban taɓa shiga ɗakin da take ajiye tulunan magani ba sai ranar. A gindin bango na ga takalma a jere, na mata, manya-manya irin na ƙafarmu. Kowanne wari ɗaya ne, babu ɗan'uwansa.

Goggo ta ga inda idona yake. Ta yi murmushi ta ce, "Na waɗanda magani ya karɓa ne, 'yar nan. Ƙafa ta cika, takalmi ya ƙi shiga, sai su bar mini shi su tafi."

Na uku daga ƙarshe ja ne, mai duwatsu a gaba. Na san shi, don tare muka saye shi da Firdausi ta Ikara. Firdausi kuwa bara ta faɗi a bakin murhu, kafin a kawo ruwa ta cika, muka ce kwana ne ya ƙare. Na kau da idona daga kansa.

Tsohuwa ta shafa ƙwaurin Madina a hankali, tana gyaɗa kai. "Wa ya ce ciwo ne? Nama ne ya sauko. Ƙibar mace a ƙasa take taruwa, sai a kora ta sama ta zauna a ƙugu. Ruwan zafi da man kaɗanya, a murza daga idon sawu zuwa cinya. Da ƙarfi fa."

Da kun ga fuskar Madina. Shekara huɗu take jiran wani ya faɗa mata haka. Ta baro takalminta na hagu a wurin, ta ɗingisa har bakin titi tana dariya.

Washegari gari ya waye, rana ta fito, Judith ba ta iso ba tukuna. Madina ta ɗora ruwa da kanta, ta kawo man kaɗanya ta ajiye a gabana.

"Uwar ɗakina, sau ɗaya kawai. In bai tafi ba, wallahi na bi Sista, ko ɗakin mazan ne su kwantar da ni."

Na ce a'a. Ta riƙe hannuna. Ta ce ni da ta ɗauka uwa, ni ce zan miƙa ta a yi mata tsirara a gaban maza? Na ji maganar har zuciyata. Na san abin da Judith ta ce, na ga jan takalmin da idona, duk da haka na tsoma tsumma a ruwan zafi.

Ƙafar zau take kamar gefen murhu. A bayan ƙwauri na ji wani abu mai tauri, miƙe kamar igiya. Na danna, na murza sama, na sake murzawa. Madina na cizon leɓe. A karo na huɗu ko na biyar abin ya saki a ƙarƙashin yatsuna, na neme shi na rasa.

"Kin ji?" ta ce. "Ya tafi sama!"

Ta miƙe tana gyara zane, ta yi taku uku. Sai tari. Ta dafe ƙirji, ta waiwayo tana kallona da mamaki, ba tsoro ba.

"Adawiyya, buɗe taga. Iskar ɗakin nan ta ƙare."

Tagar a buɗe take. Na tare ta kafin ta kai ƙasa, leɓenta ya riga ya yi baƙi. Ina jijjiga ta ina kiran sunanta na ji ƙarar mota a waje, na ji sallamar Judith tana cewa mu yi haƙuri, layin mai ne ya tsare ta.

Ta shigo, ta durƙusa, ta taɓa wuyan Madina, ta danna ƙirjinta har gumi ya jiƙa mata riga. Sannan ta zauna daɓas a ƙasa. Idonta ya kai kan ƙafar, ya kai kan kwanon ruwan da har yanzu yake tururi.

"Wa ya matsa ta?"

Na buɗe baki zan ce Goggo. Amma Goggo tana Hunkuyi, hannun da ke maiƙo kuwa nawa ne.