Allurar da Na Hana a Yi wa Lele

Na hana ƙanena kai ’yarsa allurar riga-kafi, shi kuma ya ji maganata. Abin da ya faru ke nan, sauran duk bayani ne.

Ni bakanike ne. Karatuna bai wuce na gane lambar mota ba, amma a bakin garejina babu mai ja da ni. Akwai benci a ƙarƙashin rumfar kwano inda direbobi ke zama suna jiran gyara. Mutumin da motarsa ke kwance a hannunka kuwa, ko ka ce masa rana daga yamma take fitowa, cewa zai yi, “Haka ne, Oga.” Da wannan “haka ne” na zama likita.

Ƙa’idata a aiki ɗaya ce: injin da ke tashi lafiya ba a kwance shi. Na sha ganin mota ta shigo gareji da ƙafarta, wani mai karambani ya buɗe ta, ta fita ana ja da igiya. Sai na ɗauki ƙa’idar nan na ɗora wa ’yan Adam. Yaro yana ci, yana wasa, yana ɓarna, don me za a huda shi a ɗura masa ruwan da ban san wanda ya haɗa ba? Haka nake faɗa a benci. Abin da ba na faɗa shi ne, ni allura tsoro take ba ni. Na taɓa damƙar salansar mota mai zafi ban ce uffan ba, amma ranar da ƙarfe ya yanke ni aka fito da sirinji, farkawa na yi na tarar ana yi mini fifita da kwali.

Duk lokacin da ma’aikatan lafiya suka shigo layinmu da akwatinsu, a ƙofar gida nake tare su in ce su ƙara gaba. Matata ba ta taɓa yi mini musu ba. “To, Maigida,” shi ke nan, ta ci gaba da wanke-wankenta. Yarana kuwa garau, ko mura ba ta daɗewa a jikinsu. Su suka zama kayan tallata. Duk wanda ya kawo maganar asibiti, sai in nuna masa su.

Ƙanena direban tasi ne. Ni na riƙe shi tun rasuwar mahaifinmu, ni na koya masa tuƙi, ko taya zai canza sai ya tambaye ni. Da Allah ya ba shi ’ya mace, wadda muke kira Lele, wata rana ya zo gareji yana sosa ƙeya.

“Yaya, maman Lele ta hana ni sakat. Wai lokacin allurar ƙyanda ya yi.”

Ina kwance a ƙarƙashin mota, ko fitowa ban yi ba.

“Yarinyar ba ta da lafiya ne?”

“Lafiyarta ƙalau.”

“Tana hayaƙi? Tana shan mai?”

Direbobin benci suka kwashe da dariya. Dariyar ta yi mini daɗi, sai na ƙara wuta.

“Dubi nawa. Akwai wanda allura ta taɓa shiga jikinsa? Wai ma tsaya, a gidan naka kai ne direba ko kwandasta?”

Ya koma gida ya yi rantsuwa a kan ba inda za a kai Lele.

Bara ƙyanda ta shigo layinmu, tana bin gida-gida. Lokacin Lele ta fara haɗa magana, ni ma ta raɗa mini suna, wai Baba Oga. Yarana suna shiga gidajen masu ciwon suna fita, ko ƙurji ɗaya babu. Na samu abin faɗa a benci. Na ce jini ne, mu danginmu ciwo kunyarmu yake ji.

Sai ƙyandar ta kama Lele. Zazzaɓi, idanu jawur, ƙuraje tun daga bayan kunne har ciki. Ƙanena ya sake zuwa, wannan karon babu sosa ƙeya.

“Yaya, ko mu tafi asibiti?”

“Ƙyanda baƙuwa ce. Ta gama kwanakinta ta kama hanya. Ku lulluɓe yarinyar, kar iska ta taɓa ta.”

Baƙuwa ta ƙi tafiya. Kunnen yarinya ya fara zubar da ruwa, numfashinta ya koma sama-sama. Wata safiya matata ta yafa mayafi, ta ja hannun autanmu, ko sallama ba ta yi mini ba. Ta shiga gidan ƙanena ta fito da uwa da ’ya, ta tsayar da tasin wani baƙo, alhali ga tasin uban yarinyar nan a ajiye a ƙofar gida. Ni da ƙanena muka bi bayansu.

Asibiti ma akwai benci, sai dai a can ba wanda ya san ni Oga ne. Wata nas ta fito ta tambaya, “Ina uban yarinyar? An yi mata riga-kafi?”

Ƙanena ya dube ni. Ni kuma na ɗaga kai ina kallon fankar sama, har na gano boris ɗinta ya ci. Abin da na iya ganowa ke nan a ranar.

Da nas ta koma ciki, bakina da ba ya gajiya ya ce, “Ikon Allah ne kawai. Ai nawa ma ba a yi musu ba, ga su nan.”

Matata ta jawo auta, ta naɗe hannun rigarsa har kafaɗa.

“Maigida, mene ne wannan?”

“Tabon nan na danginku mana. Duk yaran suna da shi.”

“Wa ya ce maka na danginmu ne?”

“Ke.”

“Kai kuma ka yarda. Tabon allurar tarin fuka ne. Ta ƙyanda ba ta barin tabo, amma ita ma an yi musu, kaf ɗinsu, ba wadda na bari ta wuce.”

Na ce, “Yaushe?”

“Duk ranar da na goya jariri na ce zan je gaida yayata. Gidanta a bayan ƙaramin asibiti yake. Kai ma ka sha kai mu, ka sauke mu a kwana, har ka ce in gaishe ta.”

Ni da nake jin ƙarar inji daga nesa in faɗi abin da ke damunsa, shekara da shekaru ina kai ’ya’yana allura da motata, da man da na zuba da hannuna.

“Me ya hana ki gaya mini?”

“Da na gaya maka, da yau naka ne a kan gadon can.” Ta sauke hannun rigar yaron. “Na ja maman Lele gefe na ce ta yi yadda nake yi. Ta ce mijinta ya rantse, ita kuma ba ta iya ƙarya ba.”

Ƙanena yana zaune kusa da ni, kafaɗarsa na gogar tawa. Duk ya ji. Na so ya tashi ya kwaɗa mini mari a gaban mutane, da na samu sauƙi. Bai yi ba. Takalminsa kawai yake kallo.

Lele ta rayu. Ranar sallama likita ya zaunar da mu ya ce ciwon ya lalata mata cikin kunne. Na buɗe baki na ce, “Likita, ba a samun wani a canza?” Ya dube ni, ya mayar da fuskarsa wajen uban yarinyar ya ci gaba da bayani.

Ƙanena bai daina kawo mini tasinsa ba, bai daina ce mini Yaya ba. Shawara ce dai ya daina nema. Wani lokaci yakan zo da Lele, ya zaunar da ita a benci. Kwanakin baya wani direban babbar mota ya danna ham a bakin rumfa, kowa ya zabura, ni har kaina ya bugi bonet. Lele tana juya wani noti a hannunta, ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Kunnen hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama sai an yi ihu a cikinsa. ’Yan kalmomin da ta fara iyawa su ma suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Ko shekara uku ba ta cika ba.