Karsanar Khaula da Kamfanonin Bappa Mahfuzu

"Bappa, in kamfanin waya na ba ka riba, me ya sa kullum sai ka ari wayar Mama?"

Khaula ce ta jefo tambayar, bakinta cike da ƙosai. Mahaifiyarta Nafisatu ta sunkuyar da kai kan shinkafar da take tsincewa, ba ta kwaɓe ta ba.

Mahfuzu, yayan mijinta, ya yi kamar bai ji ba. Tun da ƙanensa ya tafi Ngaoundéré da babbar mota, ya mai da tsakar gidan nan na Garoua ofishinsa. Yau karsanar Khaula ya zo wa, wadda kakarta Dada Kaltouma ta ba ta ran suna, tana can garke wajen Pitoa. So yake a sayar, a saya wa yarinyar hannun jari.

"Kamfani biyu ne, amarya," in ji shi. "Na farko duk shekara yana raba riba, *dividende*, amma 'yar mitsitsiya. Wannan na tsofaffi ne. Na biyu ba ya raba ko dala, juya ta yake yi ta ƙaru."

"Ta ƙaru a hannun wa, Yaya?"

"Ke dai ba ki ga lemominsu a kasuwa ba? Ko'ina kalarsu! Har riga da hula suka ba ni."

Nafisatu ta dubi rigar. Ta koɗe, wuyan ya saki. Mutumin da ko kiredi bai iya sa wa wayarsa ba, shi zai auna kamfani da yawan lema.

Ta ɗauki wayarta daga kan tabarma. Lambar ƙarshe da ya kira ta dillalin shanu ce. Ashe har ya gama magana, gobe kuma Lahadi, kasuwar Pitoa.

Ba ta yi masa gardama ba. Dabbar suna ba ta fita garke sai da bakin wadda ta bayar, kowa ya sani. Ta kira Dada Kaltouma, ta faɗa mata abin da ake ciki, sannan ta buɗe muryar wayar kowa ya ji.

"Mahfuzu!" tsohuwar ta daka masa tsawa. "Karsanar da ke da ciki? Sayar da hularka!"

Ya zura takalmi, ko sallama babu.

Ke mai karatu, in wani ya zo yi wa dukiyar ɗanki lissafin kamfanoni, fara tambayarsa nawa kamfanin ya taɓa sa masa a hannu. Kuma duba wayarki bayan ya ara.