Rariyar Baba Mai Waya

Shekara talatin da ɗaya Baba Mai Waya ya yi yana aiki a kamfanin tarho, tun lokacin da ake hawa turke da bel a ƙugu har zuwa lokacin da aka daina waiwayar turakun. Da ya yi ritaya sai sunan ya biyo shi gida. Yanzu aikinsa bai wuce ban ruwan shukokin baranda da karanta labarai a kwamfutar falo ba.

Ranar wata Litinin da hantsi ya zauna zai karanta labaransa, sai ya ga hoton gadon jarirai a gefen shafin. Ya gangara ƙasa, ga bahon wanka, ga wasu 'yan safa da ba su fi babban yatsansa ba. Ya bar shafin ya koma na ƙwallo. Gadon ya riga shi isa can.

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Su uku ne a gidan. Shi dai ya san bai nemi gadon jarirai ba. Mama, matarsa, ta ba sittin baya. Saura Auta, 'yarsu ƙarama, wadda ta dawo wajensu da zama tun da mijinta ya tafi aiki a jirgin ruwan dakon kaya, sati shida da suka wuce.

Ya tashi ya fita baranda, ya sake ba shukokin ruwan da ya riga ya ba su, yana murmushi shi kaɗai. Shekara shida ke nan da auren Auta. Sai dai murmushin bai daɗe ba ya tuna shekara biyu baya. Wancan karon da Auta ta samu ciki, tana faɗa wa Mama da safe, kafin yamma dangi na kusa da na nesa duk sun ji. Cikin ya zube a wata na biyu, aka yi kusan wata guda waɗanda ba su samu labari ba suna bugo waya suna yi mata barka. Idan yarinyar ta yi shiru wannan karon, tana da dalilinta. Ga shi kuma kullum bayan abincin rana Mama kan zauna gaban kwamfutar nan tana kallon masu koyar da saƙa.

Ya ɗauki waya ya kira babbar 'yarsa, wadda suke ce wa Injiniya. Ita ke kula da kwamfutocin wani kamfani a wani gari mai nisa.

"Injiniya, ta yaya talla ke sanin abin da mutum ya nema?"

"Baba, ko gaisuwa babu?"

"Kin tashi lafiya? To, ta yaya?"

Ta yi dariya, ta yi masa bayani. Duk shafin da mutum ya buɗe, ba shi kaɗai yake zuwa ba. Yana tafe da 'yan rakiya daga wasu kamfanoni, su ne ke manna wa kwamfuta alama, su riƙa binta shafi zuwa shafi suna rubuta abin da ta duba. Ta nuna masa inda zai danna ya goge alamomin.

"Na yau ke nan. Gobe fa?"

"Gobe su dawo. Sai dai a kafa furoksi."

"Wane ne shi?"

"Kwamfuta ce guda da za ta tsaya tsakanin gidan da intanet. Duk wanda zai buɗe shafi, ita zai tambaya, ita ta je ta ɗauko masa. Idan buƙatar ta masu talla ce ko ta masu bibiya, sai ta ce babu hanya."

Ya gyara zama. "Ki ce mini dai ɗakin haɗa layi. Kowane kira ya bi ta hannun mutum ɗaya."

"Shi ne fa, Baba."

"Ai wannan aikina ne. Rariya za mu sa musu."

"Wai wane talla ne ya dame ka haka?"

Ya shafa kansa, inda gashi ya daɗe da yin sallama. "Na maganin sanƙo," in ji shi.

Da rana ya ce wa Mama kwamfutar falo tana hannun mai gyara. Ta ce wane mai gyara, ya nuna ƙirjinsa. Ta ce to Allah ya sa ta tashi, ta koma ɗaki da ƙwaryar zarenta.

A ɗakin ajiya, bayan tsohon keken ɗinki, akwai wata kwamfuta da Injiniya ta bari tun tana makaranta. Ya fito da ita, ya buɗe murfin, ya hure fankar, ya ja waya daga akwatin intanet na gidan ya bi da ita gefen bango, yana kafa ƙusa kowane taƙi biyu. Ko a kamfani an san shi da wannan, wayarsa ba ta lilo. Washegari, lokacin hutun cin abincinta, Injiniya ta kira shi ta bidiyo. Ya jingina wayar da gwangwanin madara yadda za ta riƙa ganin allon.

Saka manhajar bai ɗauki lokaci ba. Fayil ɗin saituna ne ya sa shi gumi. Rubutu ne zalla, layi bisa layi, shi kuma da yatsa biyu yake bugawa.

"Ka nemi layin da ya faɗi inda za ta saurara," in ji Injiniya. "Yanzu kanta kawai take ji. Ka goge wannan adireshin ka sa nata na cikin gida, sai ɗigo biyu, sai lambar ƙofa. Takwas, ɗaya, ɗaya, takwas."

Ya buga, ya adana, ya sake tayar da ita. Ta ƙi tashi.

"Matso da wayar. Baba, ɗigo ɗaya ka sa."

"Ɗigo guda ne zai hana ta aiki?"

"Kai ne fa kake ce mana waya ɗaya in ta kwance, unguwa guda ta kurmance."

Ya ƙara ɗigon. Ta tashi.

Daga nan suka shiga fayil ɗin dokoki. Injiniya ta turo masa dogon jerin adireshin kamfanonin talla da na masu bibiya, ya zuba. Abin ya yi masa daɗi ƙwarai, har bayan ta koma bakin aikinta ya ƙara wata doka tasa: duk adireshin da ya fara da wasu haruffa da ya ga suna yawan fitowa a jerin, a tare shi. A ganinsa gara idon rariya ya yi ƙanƙanta.

Saura sanar da na'urorin gidan sabuwar hanya. Ya saita kwamfutar falo, ya saita wayarsa. Mama ta miƙa tata tana cewa kada ya taɓa mata hotuna. Da ya zo ƙofar ɗakin Auta ya ga ta ƙanƙame wayarta, sai ya miƙa mata 'yar takarda.

"Ga adireshi, ga lamba. Ki shiga saitin waifai, wajen furoksi, ki sa da kanki. Idona ya gaji."

Sannan ya koma falo ya buɗe shafin labaransa. Shafin da a da sai ya kurɓi shayi sau uku kafin ya gama buɗewa, yanzu ƙiftawa ɗaya ya bayyana. Gefen da gadon yake ya zama fari fes. Ya buɗe na ƙwallo, nan ma fes. Ya kira Mama ta zo ta gani.

"To ina abin kallon?" in ji ta.

"Babu. Shi ne abin kallon."

"Kwana biyu kana zufa don ka nuna mini babu?" Amma da ta ga shafin saƙarta ya daina tsalle-tsalle a ƙarƙashin yatsanta, ta yarda cewa mai gyaran ya iya aiki.

Da yamma Injiniya ta sake kira, ta ce ya buɗe rajistar manhajar ya ga yawan abin da aka tare. Ya buɗe. Layuka suna ta gangarowa, wasu an rubuta an tare, wasu an rubuta sun wuce. Ya karanta ɗaya cikin waɗanda suka wuce, ya ga sunan shagon zare ne, a daidai lokacin da Mama ke ɗaki da wayarta. Ya kawar da kai daga allon.

"Injiniya, wannan duk inda mutanen gidan suka shiga yake rubutawa?"

"Sunan shafin kawai. Abin da ke ciki a kulle yake."

"Sunan ma ya isa. Lokacin da na fara aiki, in ka maƙala na'urar gwaji a layi, kana jin duk abin da ake faɗa. Maigidana ya ce mini, da ka ji murya ka san layi ya tashi, sauka. Shekara talatin ban taɓa jin ƙarshen jimlar kowa ba. Ba zan kori 'yan leƙe daga waje in zama ɗan leƙen cikin gida ba. Yaya ake kashe ta?"

"In wani abu ya lalace za ka sha wuya wajen ganowa."

"Na sha."

Ta faɗa masa alamar da zai sa a farkon layin. Ya sa, ya goge abin da aka riga aka rubuta.

Ranar Alhamis kuwa wuyar ta zo. Mama ta fita sayayya, yana zaune a falo, Auta ta shigo da waya a hannu ta tsaya jikin kujera.

"Baba, akwai wani shafi da ya ƙi buɗewa tun da ka sa abin nan."

Ya gane dokar nan tasa ce ta kama wanda bai ji ba bai gani ba. "Wane shafi?"

Ta murza gefen mayafinta. "Na wani waje ne. Ana ɗaukar lokacin ganin mutum."

Bai ƙara tambaya ba. Ya buɗe fayil ɗin dokoki, ya gangara ƙasa inda ake rubuta waɗanda aka yafe wa, ya nuna mata. "Nan za ki rubuta sunan, ki danna nan ki adana, ki rufe. Ni ba na buɗe wajen nan sai an ce in buɗe." Ya tashi ya ba ta kujerar, ya je ya tsaya bakin taga, ya juya mata baya yana kallon titi, inda mai wankin mota ke faɗa da tiyo.

Ya ji tana bugawa. Ya ji ta daina.

"Baba, tun yaushe ka sani?"

"Na san me?"

"Baba."

"Ni dai talla na gani. Talla kuwa ƙarya ta yi masa yawa."

Sai ya ji tana dariya, dariyar da ke haɗe da jan hanci. Ya juyo. Ta rufe fuska da tafin hannu, hawaye na bi ta tsakanin yatsunta.

"Sau ɗaya fa na taɓa kwamfutar nan. Ranar Lahadi, wayata ba caji. Ashe duk wahalar nan da kake ta yi..."

"Wace wahala? Na samu aikin yi."

"Sati goma ne," in ji ta a hankali. "Ina so likita ta duba ta ce lafiya, shi kuma jirginsu ya tsaya inda waya ke shiga, in faɗa masa da bakina. Sannan Mama."

"Haka ya kamata. Ni ban ji komai ba." Ya zaro hankici ya miƙa mata, ya ga ashe shi ma yana buƙatarsa. "Gwada shafin naki."

Ta gwada, ya buɗe. Da ta fita ya nemo dokar tasa ya goge ta, don kada ta sake kama wani.

Kwana goma sha biyu ya yi yana riƙe da maganar. Ya gyara famfon da ba ya ɗiga, ya sauya wa shukoki tukwane, ya ɗauke buhun da Auta ta sunkuya za ta ɗaga yana cewa motsa jiki yake nema. Ranar Asabar da safe wayar Auta ta yi ƙara, ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Bayan kusan awa guda ta fito idanunta jajur, fuskarta kuwa kamar an kunna fitila. Ta wuce kicin wajen Mama. Shi kuma ya tsaya a falo yana jiran guɗa.

Bai ji guɗa ba. Da ya leƙa, ya tarar Mama zaune kan kujerar kicin ta rungume Auta, tana ta hamdala ƙasa-ƙasa. Ta ɗago ta dube shi.

"Shigo, malam mai gyara. Yau dai zan huta. Sati biyu ina haɗiye magana, har ciwon kai nake kwana da shi."

"Kin sani?" in ji Auta.

"Ranar Lahadin nan da kika tashi daga kwamfuta, wa ya zauna bayanki? Na ga gado, na ga baho. Na ce wancan karon bakina ya ja miki, wannan karon ko za a yanka ni ba zan furta ba. Har tausayin babanki nake ji, yana ta buga ƙusa bai san abin da ake ciki ba."

Baba Mai Waya ya buɗe baki zai kare kansa, Auta ta riga shi. Da Mama ta ji dalilin rariyar, ta yi dariya har sai da ta dafa tebur.

"Wato ni aka yi wa shinge."

"Masu talla aka yi wa," in ji shi. "Ke dai kin faɗo ciki ne."

Mama ta share ido, ta riƙo hannun Auta. "To yanzu mutum nawa aka yarda in faɗa wa?"

Auta ta yi tunani. "Uku. Yaya Injiniya na ciki."

"Saura biyu ke nan. Wannan ai zalunci ne." Ta jawo takarda da biro ta fara jera sunaye tana sokewa.

Tana cikin haka aka ƙwanƙwasa ƙofa. Maƙwabcinsu ne mai kantin magani. Ya ce matarsa ta ji daga bakin Mama cewa an kori talla daga gidan nan, shi kuwa kwamfutar kantinsa ta ishe shi, abokin ciniki na tsaye tana nuna masa takalma. Ko Baba zai leƙa in ya samu sarari?

"Kana da tsohuwar kwamfuta?"

"Akwai wata a ƙarƙashin kanta."

Baba Mai Waya ya shiga ɗaki ya fito da jakar kayan aikinsa, ya zuba ƙusoshi a aljihu. Daga kicin Mama ta ɗaga murya tana tambayarsa, tsakanin ƙanwarta da ƙanwarsa wa ya fi cancanta. Ya ce su biyun ai sun cike gurbin, ya bi maƙwabcin suka fita.