Kuɗin Gonar Paute

Da aka sayar da gonarsu ta garin Paute, Herlinda Pesántez ba ta yi kuka ba, ko da yake a can aka yanke mata cibiya. Gwiwoyinta sun daina hawan tudu, 'ya'yanta kuma, mace na Sifen, namiji na Amurka, babu mai niyyar dawowa ya kama fartanya. Wanda ya sayi gonar mutumin kirki ne. Ya ce ta faɗa masa asusun da zai zuba kuɗin, ba ya gaggawa. To, a nan gizo ke saƙar, domin gidan Herlinda ba su da asusu a ko'ina.

Da can suna da shi. Shekarar da aka kulle ajiyar mutane a bankuna, duk abin da mijinta Eudoro ya tara yana jan bas tsakanin birninsu Cuenca da garin Gualaceo yana ciki. Sa'ad da aka sake shi, darajarsa ta zube, ko tayoyin bas bai isa saya ba. Eudoro ya rantse ƙafarsa ba za ta sake taka ƙofar banki ba, kuma ya cika alkawari. Tun daga lokacin Herlinda ce ke riƙe da komai: abin da take samu a ɗinkin ado na siket, da abin da yara ke aikowa, da kuɗin wuta da na ruwa. Shi dai a sa masa abinci, a ba shi na aski. Ƙarar inji ta kashe masa kunnen dama, na hagu ma sai an matso.

Maritza, 'yar tasu, ta kira daga Sifen da shawararta a shirye.

"Mama, ki je babban bankin nan na tsakiyar gari. Komai a waya ake yi, ko fita ba sai kin yi ba."

"Wayar da babanki ke riƙewa a kife?"

"Ai ke za ki riƙa yi, ba shi ba."

Herlinda ta sauya zance. Likita ya riga ya gaya mata zuciyarta ta gaji, ta rage aiki, ta daina ɗaukar kaya. Ta gaya wa mijin da yaran cewa hawan jini ne kawai. Ba tsoron mutuwa ke damun ta ba. Abin da take hangowa shi ne Eudoro tsaye shi kaɗai a gaban gilashin banki, hula a hannu, ana yi masa magana bai ji ba.

Saboda haka wata safiya ta ajiye masa kofi da dafaffiyar masara da ƙwai, ta ce ya sa rigarsa mai kyau.

"Biki za mu?"

"Banki za mu."

"Me kika ce?"

"Ka ji ni sarai, tsoho. Kunnen nan naka yana zaɓen abin da zai ji."

"Na yi rantsuwa, Herlinda."

"Ka rantse ba za ka kai musu kuɗinka ba. Wannan nawa ne, gadon ubana. Rakiya kawai za ka yi."

Ya yi gunaguni har ya gama ɗaura takalmi, amma ya bi ta.

Babban bankin yana da sanyi da ƙamshi, ƙasa na sheƙi. Na'ura ta tofo musu 'yar takarda mai lamba. Herlinda ta nemi kujera ta zauna, ta dafa gwiwa.

"Ƙafata ta riƙe. Je ka tambayo mana, nawa suke bayarwa a shekara idan an bar kuɗi wurinsu."

Ya kalle ta kamar ta ce ya faɗa kogi, sannan ya tafi. Tana kallon sa daga inda take. Saurayin da ke bayan gilashi yana da ladabi, yana murmushi, amma idonsa na kan kwamfuta, bakinsa na motsi a hankali. Eudoro ya karkato kai. Saurayin ya maimaita. Eudoro ya ƙara matsowa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Sai saurayin ya ɗaga murya yadda duk na kan layi suka juyo, ya miƙo wata takarda mai launi, ya nuna hoton waya a jikinta, ya leƙa bayan Eudoro yana neman wanda ya zo da shi.

A waje Eudoro ya miƙa mata takardar ba tare da ya dube ta ba.

"Ajiya mai wa'adi kashi biyar cikin ɗari. Asusun yau da kullum kuwa abin da suke bayarwa ko tsuntsu ba zai ƙoshi ba, kuma kati ma sai ka biya. Yaron ya ce in turo 'yata."

"Ai ka jiyo da yawa."

"A takarda na karanta."

Bayan kwana biyu suka je inda ƙawarta Targelia, uwar baftismar Maritza, ta yi ta yabo: wata sabuwar ƙungiyar gama-kai mai ajiya da ba da rance, a wani bene mai fenti kore. Nan ba gilashi. Wani mutum mai ƙamshin turare ya tare su tun daga ƙofa, ya kira Herlinda sarauniya, ya kira Eudoro shugaba, ya sa aka kawo musu shayi. Muryarsa kuwa ko kurma ya ji. Kashi goma sha biyu, in ji shi, kuma duk wanda ya bar kuɗinsa shekara guda zai tafi gida da tukwane jeri guda, da tikitin cacar mota.

Herlinda ta ji ranta ya biya. Bambancin ba kaɗan ba ne, zai ishe su magani da cefane har da ragi. Ta juya ta ga Eudoro ya ƙura wa tukwanen ido, an jera su a kan tebur da jan ƙyalle. Shayinsa ya huce bai taɓa ba.

Da suka sauko ya tsaya a bakin titi ya ce, "Waccan shekarar, a bankin da ya kulle kuɗina, bargo suka ba mu. Kin tuna? Mai zanen damisa."

"Na tuna."

"Wataƙila mutanen kirki ne, ban sani ba. Amma hankalina bai kwanta ba tun da na ga jan ƙyallen nan."

Ba ta yi masa musu ba. Targelia ta ji haushi da ta ji labari, ta ce ita shekararta biyu a can ba ta ga komai ba sai alheri, kuma tukwanen ba sa kama abinci. Herlinda ta ce Allah ya ƙara, ta bar maganar.

Wuri na uku ba wanda ya yaba musu shi. Tsohuwar ƙungiyar ajiya ce kusa da kasuwa, tsakanin mai sayar da buhuna da shagon magani, inda 'yan kasuwa da direbobi ke shiga da kuɗi a ƙulle cikin leda. Benci na katako, fanka mai kuka, layi har ƙofa. Herlinda ta sake kama gwiwa ta zauna. Eudoro ya harare ta, ya shiga layi.

Matar da ke bayan kanta ta kai shekara hamsin, tabarau a kan hanci, fuska ba fara'a. An rubuta Noemí Guamán a gabanta. Eudoro ya yi tambayarsa, ta ba shi amsa, ya karkato kai. Ba ta maimaita ba. Ta dube shi ta saman tabarau, ta taɓa kunnenta na dama, sannan na hagu, tana tambaya da ido. Ya nuna hagu. Ta ce wa abokiyar aikinta ta riƙe mata layi, ta zagayo, ta ja shi zuwa wani ɗan tebur a gefe, ta zauna ta hagunsa inda zai ga bakinta.

Herlinda ta manta da ciwon gwiwa, ta matso.

"Kashi bakwai da rabi idan kun bar shi shekara," in ji Noemí, a hankali, ba ihu. "Ana iya zuba muku ribar duk wata a ƙaramin asusu, ku riƙa ɗiba. In kun fasa ajiyar kafin wa'adi, ribar ta tafi, kada wani ya gaya muku ba haka ba. Kuma inshorar ajiya tana da iyaka. In kuɗinku ya wuce iyakar, kada ku zuba shi duka a nan, ku raba biyu ku kai rabi wani wuri."

"Kina korar ciniki?" in ji Eudoro.

"Ina rage wa kaina masu zuwa su yi mini kuka, Don Eudoro," in ji ta, tana haɗa masa da laƙabin girmamawa.

"A can sama an ce mana sha biyu, har da tukwane."

"To ku je can. Mu kalanda muke bayarwa a ƙarshen shekara, ita ma ba kyau gare ta ba."

Eudoro ya yi dariya, abin da Herlinda ba ta taɓa zaton za ta gani a irin wannan wuri ba. Ta yi gyaran murya ta yi tambayar da ta kawo ta.

"In asusun da sunan mutum biyu ne, ɗaya zai iya zuwa shi kaɗai?"

"In kun buɗe shi a kan kowa na iya sa hannu, e. Ba sai da ɗayan ba." Noemí ta ɗan dube ta. "Ku je ku yi shawara, Doña Herlinda. Layi na jira na."

Suka biyo ta bakin kogin Tomebamba za su gida. Ruwan ya ƙaru, yana gudu a kan duwatsu, wasu mata sun shanya wanki a ciyawa. Eudoro ya samu benci ya zauna, ya buga gefensa na hagu da tafin hannu. Ta zauna.

"Gwiwar ta warke?"

"Da sauƙi."

"Gwiwa mai hankali. Ba ta ciwo sai a cikin banki." Ya cire hula ya ɗora a cinya. "Herlinda, kurma ne ni, ba makaho ba. Matakalar gidanmu sau biyu kike tsayawa, kina yi kamar furanni kike dubawa. Furannin nan na roba ne."

Ta kalli ruwa.

"Likita ya ce in na kiyaye, da sauran tafiya," ta ce. "Amma ba na so in bar ka kana rarraba ido."

"Shi ya sa kike yawo da ni gari kina gwada wa mutane, kamar mai neman wa tsohon jaki gida."

"Jakin ma wa zai karɓa? Ga ci, ga gardama."

Ya kama hannunta ya riƙe, yana murza yatsun da allura ta sa suka yi kanta. Can ya ce, "Mai tabarau ɗin nan ta yi. Ba ta da fara'a, amma ina jin abin da take faɗa. Sai dai daga yau kwandon kasuwa ni zan riƙa ɗauka, kuma in za ki koma wurin likita da ni za a je. In ban ji ba ya rubuta mini."

Haka aka yi. Suka zuba rabin kuɗin a ƙungiyar kusa da kasuwa da sunansu su biyu, rabin kuma a babban banki, inda Herlinda ta ce ya kwanta can ba mai taɓa shi. Maritza ta yi ta mita a waya cewa sun yi asarar riba saboda mace mai tabarau, daga baya da uwar ta gaya mata gaskiyar maganar likita, ta yi kuka, ta ce za ta zo da Kirsimeti.

Da wata ya cika, Eudoro ya tafi karɓo ribar shi kaɗai. Herlinda ta zauna bakin taga da ɗinkinta, allura na tafiya ido na kan titi. Rana ta take bai dawo ba, har ta fara neman mayafi. Sai ga shi ya ɓullo daga kwana, yana tafe yana surutu shi kaɗai, da ƙunshin burodi a hammata.

"Ina ka tsaya?"

"A layi na haɗu da Rigoberto, wanda ya ja bas mai lamba takwas. Wai shi ya fi ni sanin hanyar Gualaceo! Mutumin da ya taɓa jefa bas a gonar kabeji."

"Kuɗin fa?"

"Suna aljihu. Bari in gama ba ki labari tukuna."

Ta ajiye ɗinkin, ta tashi ta ɗora ruwan kofi.