Waya Ta Tara

Injiniyar ta shekara biyu tana fama da wayoyi takwas waɗanda ido ba ya iya gani. Suna cikin ƙwaƙwalwar na'urar jin magana, irin wadda ake saƙala wa masu matsalar kunne, kamar mahaifinta. Aikinsu kai saƙo daga wannan sashe zuwa wancan, kuma duk sanda ɗaya ta juya daga sifili zuwa ɗaya sai ta sha wutar batir.

Dabararta mai sauƙi ce. In fiye da rabin wayoyin za su juya, sai a kife saƙon a aika shi a kife, a ƙara waya ta tara ta gaya wa mai karɓa ya miƙe shi. A kwamfuta abin ya yi kyau, har bakinta ya suɓuce ta ce wa tsohon, “Baba, ka kusa hutawa da canjin batir.”

Ranar da samfurin ya iso daga masana'anta, Dogo, abokin aikinta, ya haɗa shi da na'urar awo. Ya auna, ya sake aunawa, sannan ya juyo mata da allon.

“Wayoyin dai sun rage ci,” in ji shi. “Amma alƙalin da kika naɗa musu, mai yanke ko a kife ko a bari, ya fi su ciki.”

Ya yi dariya shi kaɗai. Abin da aka yi tsiminsa a can, an lashe shi a nan.

Ta je wurin shugaban sashe ta roƙi a ƙara mata lokaci.

“Yallaɓai, na san inda zan rage wa alƙalin nauyi.”

“Na yarda kin sani. Amma masana'anta ta rufe karɓar gyara. A cire shi, a koma tsohon tsari.”

Ya faɗa ne da tausayi, abin da ya hana ta ko yin fushi.

Da yamma ta tarar da Baba a falo, talabijin na ta surutu, shi kuwa ya sunkuya yana laluben kafet. Batirin na'urar kunnensa ne ya kuɓuce masa. Ta durƙusa ta laluba ƙarƙashin kujera, ba ta samu ba. A kwalin batir ma babu ko ɗaya.

“Uwata, ya labarin abin namu?”

“Bai yi ba, Baba.”

Ya zuba wa leɓɓanta ido, ya gyaɗa kai yana murmushi.

“Madalla. Dama na gaya wa maƙwabcinmu.”

Ta buɗe baki za ta ɗaga murya, sai ta fasa. Ta yi masa alama da hannu cewa za ta kantin magani sayo batir, ta ɗauki makullin mota. A bakin ƙofa ta daɗe a tsaye, takalmi ɗaya a ƙafa.