Ƙwayar Mai Faci

"Lasa ki ji, Yaya," in ji matar mai faci, maƙwabciyata, tana miƙo min farar ƙwaya. "Da ɗaci ko babu?"

Na lasa. Ni dai alli na ji, amma na yatsine fuska saboda ita.

Mijinta na kwance a ɗaki, ciki ya kumbura, idanu sun yi rawaya. Hanta ce. Likita ya ce ƙananan ƙwayoyin halittar da ke gyaran hantar ne suka ƙi tsayawa: duk inda ta ji ciwo sai su lafta tabo, sojojin jiki na zuga su, har ta ƙandare. Sabon maganin da ake gwadawa shi zai tsawata musu. Sai dai rabin majinyatan ne ke samun na gaske, sauran ƙwaya ce kawai ba komai a ciki, kuma ko likitan bai san wa ya samu wacce ba. Mai faci ya yarda, ya sa hannu. Ita kuwa tun ranar hankalinta bai kwanta ba; a ganinta, na gaske sai da ɗaci.

"Ni fa na gane zancen," ya ce da na shiga gaishe shi. "Tayar da faci ya yi wa yawa, ni da kaina nake ce wa mai ita ya haƙura."

"Kai dai sha maganinka, Malam," in ji matar. "Da ɗaci fa. Yaya ma ta ce da ɗaci."

Ya dube ni, mutumin da kullum sai ƙwayar nan ta bi ta harshensa. Ya haɗiye, ya runtse ido.

"Kamar maɗaci," ya ce.

Tausayinsu ya kama ni, na fita ban yi sallama ba.

Mai faci ya cika wata safiya, masu babura na tsayawa a rumfarsa suna tambayar ko ya fito. Daga baya na raka matar asibiti mayar da ragowar maganin.

"Don Allah, 'yar nan, wanne aka ba shi?" ta tambayi nas.

"Wallahi Mama, sai an gama binciken za a sani."

A hanyar dawowa ta tsaya a rumfar. Bahon da yake tsoma taya ya bushe, ganye ya taru a ciki. Ta kwance bakin mayafinta, ashe ƙwaya ɗaya ta ɓoye. Ta ɗora a harshe, ta rufe baki, ta daɗe tana kallon bahon.

Ban tambaye ta abin da ta ji ba.